Mai Sanduna Biyu a Titin Doka

Kullum ƙarfe bakwai na safe Saratu tana bakin titi a Doka tana jiran keke napep zuwa ofis, kuma kullum sai ga dattijon nan. Dogo ne, gemu fari tas, ƙafa cikin kambas, kowane hannu da sandar mofa ta goge ƙasa. Kan kaftaninsa ya ɗora wata jar riga mai hoton wani Bature ɗan Norway, zakaran tseren zamiya a kan ƙanƙara da sanduna biyu, wuyan Baturen cike da lambobin zinare.

Dattijon ba tafiya yake ba, zamiya yake. Ya caka sanda, ya ja ƙafa, ya sunkuya, kamar kwaltar nan ƙanƙara ce. Saratu tana zaton tsohon ma'aikaci ne da aka taɓa turawa kwas can Norway. Ko kuma likita ne ya ce masa ya motsa jiki kafin hawan jini ya kwantar da shi.

Matsalar ɗaya ce: a garin nan mai sanda biyu majinyaci ne. Kowa sai ya tsayar da shi da sannu. Yau ma wata Hajiya ta tare shi tana miƙa masa sadaka.

"Hajiya, tsere fa nake yi!" in ji shi, yana haki.

"Da wa, Baba?"

Ya nuna Baturen da ke ƙirjinsa. "Da wannan. Shi ba mai tare shi da sannu, shi ya sa yake cinye ni."

Ya caka sandunansa ya zame gaba. Hajiyar ta bi shi da kallo, ta juyo wajen Saratu tana girgiza kai.

"Ayya. Ashe ba ƙafar kaɗai ba ce."