Takardar da Mai Tanki Ya Sa wa Firam

A layinsu kowa Likitar Ruwa yake ce mata, kuma ba don girmamawa ba. Ita ba likita ba ce. Shekararta shida tana aiki a wani ɗakin gwaji da ke saman shagon gyaran waya, inda ake kawo ruwan rijiya da na famfo ta gwada, ta rubuta abin da ta gani. Da safe ta sa farar riga da safar hannu. Da yamma ta koma gida, inda ita ba kowa ba ce sai Auta, mai wanke kwanuka in matar Yaya ta gaji.

Jaririn Yaya ne ya fara. Watansa takwas, gudawa ta kwantar da shi sau biyu a wata ɗaya, har idonsa ya faɗa. Sai yaran gidan tela, sai tsohuwar da ke ƙarshen layi. Dukansu ruwa ɗaya suke sha, na wani mutum da ya haƙa rijiyar burtsatse a bayan gidansa ya kafa tanki da famfo huɗu. Auta ta ɗebi ruwan ta gwada har sau uku, don ita ma ba ta so ta yarda. Ƙwayoyin cutar da ake samu a kashi ne fal a ciki.

Sai ta yi abin da aka koya mata. Ta buga rahoto da Turanci, da tambarin ofis a sama, da lambobi a jere, shugabanta ya sa hannu ya danna jan hatimi. Ta liƙa a jikin tanki ta tafi gida tana jin ta ceci al'umma.

Bayan kwana biyu ta tarar Mai Tanki ya cire takardar, ya sa mata leda, ya sa mata firam, ya rataye ta saman famfo. Layin jarkoki har ya sha kwana. Mutane daga wasu layukan suke zuwa, wai nan ne ruwan da aka gwada. To ai da gaskiyarsu. Duk takarda mai hatimi da suka taɓa gani ta wanda ya ci ce: shaidar gama makaranta, lasisin shago. Wa ya taɓa ganin an danna wa faɗuwa hatimi?

Auta ta tsaya a gaban layin, ta karanta musu lambar: ɗari biyu da arba'in. Mai Tanki ya ce madalla, shi ɗansa ko hamsin bai taɓa kawowa daga makaranta ba. Aka kwashe da dariya. Ya ɗebo kofi ya ɗaga wa rana, tas kamar gilashi, ya shanye a gabanta. A gida kuma Mama ta ce shekara tara tana shan ruwan nan, ba yau yarinyar da ta goya za ta koya mata sha ba.

Da ta kai kuka ofis, shugabanta ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce jahilci ne, kuma aikinsu a sa hannu ya ƙare. Ka ji fa. Ka rubuta wa mutane gargaɗi da yaren da ba sa ji, da lambar da ba ka taɓa gaya musu ma'anarta ba, ka ƙawata shi kamar lambar yabo, sannan ka jingina da kujera a ƙarƙashin fanka ka ce su ne jahilai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ma a hanyar ofis kalmar da take ta maimaitawa a zuci kenan, a kan uwarta.

Tana wanke kayan aiki ta tuna cewa ita kanta ba lamba ce ta gamsar da ita ba. Kwalba ce. Akwai wasu ƙananan kwalabe masu magani a ciki, in ka zuba ruwa mai irin wannan ƙazantar, kafin kwana biyu ya yi baƙi ya ɗau wari. Ta kwashi goma sha biyu a jaka.

Ta tara mata shida a tsakar gidansu, ta ce ita ba za ta taɓa komai ba. Kowace ta cika kwalba ɗaya da ruwan tanki, ɗaya da wanda ta tafasa da hannunta, ta ɗaura wa ta biyun zare, ta kai ɗakinta ta ajiye. Matar tela ta taɓe baki ta ce in maganin ne ke baƙanta ruwa fa? Auta har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta haɗiye.

"Anti, tambayar da ta fi kowace kenan. In maganin ne, duka biyun za su yi baƙi, ki zo ki zage ni."

"Ai ko ba ki ce ba," in ji matar tela.

A rana ta biyu da safe Mama ta fito da kwalabenta. Mai zaren tana nan yadda take. Ɗayar kamar an zuba tawada. Ta buɗe ta shinshina, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ta, ta daɗe tana kallon jikanta a bayan uwarsa.

"Da wannan nake dama masa madara?"

"Da shi, Mama."

Mama ta zura takalmi. Kafin Auta ta cim mata har ta isa tanki, ta dangwarar da kwalaben a ƙarƙashin firam, sauran matan na tahowa da nasu. Abin da Auta ta cika shafi guda ba ta iya faɗa ba, Mama ta faɗa wa Mai Tanki a numfashi ɗaya: masai muke sha, rufe famfon nan. Aka tona bayan gidan a ranar, aka sami bututun masai ya tsage, taku biyar daga rijiyar.

Har yau Auta ba ta sani ba ko mutumin ya san abin da takardar ta ce lokacin da yake sa mata firam. A ofis kuwa an ba ta takardar gargaɗi kan fitar da kwalabe ba izini, da jan hatimin nan dai a ƙasa. Jaririn ya yi kumatu. Ita kuma duk Asabar tana wani layin da jakar kwalabe, ta bar farar rigar a ofis.

Rahoton kuwa Mama ta ciro shi daga firam ta taho da shi gida. Ta ce ledar na da ƙwari, da shi take fifita wuta in za ta tafasa ruwa.