Makunnin da ke Gefena

Motar maigidana tsohuwa ce tun ranar da ya sayo ta, amma ita ke ciyar da mu. Da ita yake kai atamfofi kasuwar Tsafe, da ita yake dawowa Gusau da buhunan gero. A shekarun nan da fetur ya yi wuya, mutane na wuni a layi, fankar lagiretonta ta daina tashi da kanta. Akwai wani ɗan abu da ke jin zafin ruwa ya tayar da ita, shi ne ya mutu, sabo kuwa ba a samu ba. Wani mai rewaya, mai gyaran wayoyin mota, a Sabon Gari ya ce a daina wahala. Ya jawo waya daga batir zuwa fanka, ya sa makunni a tsakani. Wajen direba babu inda zai ɗaure shi, sai wani rami da ya gani can ƙasa, gefen fasinja. Wato gefena.

Iyayena a Tsafe suke, saboda haka nakan bi shi ranar kasuwa. Aikin bai da wuya. In mota na gudu, iska ta ishe ta. In an shiga cunkoso ko an tsaya injin na aiki, allurar zafi za ta fara hawa, sai in miƙa hannu in danna, mu ji fanka ta ɗauka. In mun sauka in kashe, kada ta shanye batir. Har na fi shi lura. Yakan ce, "Hajiya fanka, a taimaka mana," ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ranar da ya tafi shi kaɗai kuwa, da mita yake dawowa, wai bayansa ya ƙage don sunkuyawa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai jima ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, da ɗakin haya, da motar nan. Ba mu da wani abu bayan ita.

Ina cikin takaba wansa ya zo daga Bungudu. Dattijo ne mai gonaki, wanda tun aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi in tashi in ba shi wuri. Ya tsaya bakin ƙofa, ni ina bayan labule, ya ce zai tafi da motar ta riƙa aiki don marayu kafin a raba gado. Na miƙa makulli ta gefen labule. Na daure na ce, "Yaya, akwai wani makunni a gefen fasinja. In an tsaya, sai an kunna shi, in ba haka ba tana zafi."

Ya karɓi makullin. Sannan ya ce, "Mi kika sani ga mota? Tun ba a haife ki ba nike tuƙi. Ki ji da takabarki."

Mutanen da suka rako shi suka yi 'yar dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni kamar na yi sata. Ban ƙara cewa komai ba, don a gidanmu ba a koya mini maimaita wa wan miji magana ba. Ina ji suka tura ta, ta tashi, suka tafi.

Sati bai zagayo ba labari ya iso. Fetur ya zo wani gidan mai a Bungudu, Yaya ya shiga layi tun hantsi. Motar ba ta tashi sai da turi, shi kuma ba ya so a gan shi ana tura shi a garinsu, sai ya bar injin na aiki, ya fita inuwa yana hira. Har sai da hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Bakanike ya buɗe ya ce injin ya ƙone, gyaransa ya fi ƙarfin motar. Makunnin na nan yadda na kashe shi ranar tafiyarmu ta ƙarshe.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe ta. Abin da aka kawo mana ko hatsin damina ɗaya bai saya ba. Babbar 'yata ta bar makaranta, muka koma Tsafe ina dakau a gidajen mutane. Babu wanda ya ce wa Yaya ya biya. Ƙaddara ce, in ji dangi, kuma ai taimako ya zo yi. Wasu ma marigayi suka ɗora wa laifi, wai ya cika jone-jonen wayoyi. Wannan ta fi ƙona mini rai, har yau ban huce ba, ban kuma yi niyyar hucewa ba.

Ranar da na fita takaba Yaya ya zo tare da dattawan gidansu. Ya zauna kan tabarma, ya yi wa marayu addu'a mai tsawo, sannan ya girgiza kai.

"Ashe wani makunni gare ta ɓoye," in ji shi. "Ai da an faɗa mini."

Dattawan suka gyaɗa kai. Biyu daga cikinsu suna tsaye a ƙofata ranar da ya karɓi makullin. Na durƙusa na ce, "Sannunku da zuwa, Yaya," na tashi na kawo musu ruwa.