Na'urar da ta yi sati a cikin kwalla

Yayana yana da tawayar fahimta, amma ƙafarsa lafiya lau. Kullum da sassafe zai bar gidanmu a unguwar Bolori ya bi mutane da gaisuwa har tsakiyar garin Yerwa, kuma ni ake turawa in nemo shi ya ci abinci.

Wata rana wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ɗaura masa 'yar na'ura a ƙugu, ta ce za ta ƙirga takunsa na sati guda. Tana fita Inna ta kwance abin.

“Kayan hukuma ne, ba za a lalata shi a gidana ba,” in ji ta.

Ta naɗe shi a ɗankwali, ta turara shi, ta rufe a kwalla tare da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Na yi magana, ta ce in rufe mata baki.

Ranar da matar ta dawo, Inna ta riga ta mayar wa Yaya da abin a ƙugu yana ƙamshi. Matar ta duba, ta ga kusan babu takun da na'urar ta ƙirga, ta kalle ni da tausayi.

“Malam, ka riƙa fita da shi yana ɗan motsa jiki mana.”

Ni! Ni da silifas ɗina ya ƙare wajen bin sa!

Na dai ce wa Yaya ya raka baƙuwa. Ya riƙe mata jaka, ya hana ta tare keken haya. Da na bi sawunsu, can a unguwar Fezzan na same ta zaune bakin titi tana haki, shi kuwa yana tsaye yana jiran ta tashi su ci gaba.