Ranar da na gwada idon kyamara a kan shanun mutane

Sai da na sauke kyamara daga fuskata na lura makiyayin ya daina kaɗa shanunsa. Ya tsaya ƙyam, sanda a kafaɗa, yana kallona, can ya ciro waya ya kara a kunne. Yau kwana uku ke nan da faruwar abin. Bari dai in faro muku daga tushe.

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da yayana a kan babur ɗinsa, muka nufi Gwaram. Kun san aikina, hoton mata nake ɗauka a gidajen biki da suna, can ciki inda namiji ba ya shiga. Makon jiya aka kawo mini idon kyamara daga Kano, na hannu, irin mai jawo nesa kusa. Malamin da ya koya mini aiki ya ce kada in kuskura in shiga gidan amarya da shi ban gwada ba, don ba a maimaita biki saboda mai hoto.

Hanya ta yi kyau, gero ya fid da kai dama da hagu. A Sara muka tsaya cin waina, na sami bangon bulo na wani shago na fara aiki. Ana ɗaukar bango ne a ga ko layukan sun miƙe ko sun lanƙwasa, a kuma duba kusurwoyi huɗu ko sun fito tas kamar tsakiya. Mai waina ta gaji da kallona, ta ce, "'Yar nan, ga mu mutane a zaune, ke bango ne ya yi miki kyau?" Na ɗaga sama na ɗauki sararin samaniya don neman datti a gilashi, na ga ɗigo ɗaya, na goge gilashin ya ɓace. Na fuskanci rana, hoton ya ɗan yi hazo, amma ba na tashin hankali ba.

Saura gwajin nesa. Kafin mu shiga Gwaram na hango garke can gefen wata fadama, na ce Yaya ya tsaya. Ban yi sallama ba, ban tambayi kowa ba. A kaina, ai dabbobi ne.

Ba a jima da wayar makiyayin nan ba babura uku suka zagaye mu. Wani ya zare makullin babur ɗinmu. "Wa ya aiko ku ƙirga mana shanu?" Ashe bara an kore musu garke guda, kuma kwanaki kaɗan kafin satar wasu baƙi sun tsaya a daidai wurin suna ɗaukar hoto. Yaya na rantsuwa, ba mai sauraronsa. Mutane sai ƙaruwa suke, wani har ya ɗaga sanda. Ni Innalillahi kawai nake ja a zuci. Allah ya taimake mu wani dattijo ya ce a kai mu wurin Arɗo, shugaban rugar.

Arɗo ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya ce in nuna masa hotunan. Na matso da hoton saniya ɗaya, ya ƙura masa ido. "Ga yankan kunnen gidanmu nan ɓaro-ɓaro. Daga titi kika ɗauko wannan?" Na ce e, Baba. Wallahi a tsakiyar tsoron nan sai da wani sashe na zuciyata ya ce, kai, idon nan yana da kyau. Kyan nasa ne kuma yake nema ya ja mana duka.

Ya ce in koma baya. Bango. Bango. Sama.

"Wannan fa?"

"Bango ne, Baba."

"Na ga bango. Me ya yi miki?"

Ina kuka ina bayanin layuka da kusurwa. Ya ce to, yadda ake duba haƙoran sa kafin a saya ke nan. Ya tura ni gindin wata tsamiya mai nisa ya ce in ɗauke shi daga can. Da ya ga fuskarsa, kowace furfura a ware, ya ce, "Wannan abu ba ya rufa wa tsoho asiri." Har mai sandar nan sai da ya yi dariya.

A gabansu na goge hotunan shanun ɗaya bayan ɗaya. Matar Arɗo ta dama mana fura, ta miƙo mini ƙwaryar tana cewa jikarta ta kusa haihuwa, kuma ba a taɓa kawo musu mai hoto mace ba.

Malamina ya koya mini gwada gilashi, bai faɗa mini dukiyar mutum ma sai da sallama ake kallonta ba. Wannan a tabarmar Arɗo na koya.

Ana kiran la'asar Arɗo ya miƙa wa Yaya makulli da hannunsa, ya juyo gare ni. "Tashi ki je gida, 'yata, ba mai taɓa ki a hanyar nan. Ranar suna ki zo da abin naki. Amma ta ƙofar gida za ki shigo."