Fiyar da Na Taho da Ita Daga Jos

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Jos zuwa Kano, ba abin da na rungume a mota sai dashen fiya cikin gwangwanin madara. Daga gindin bishiyar gidanmu mahaifiyata ta ciro min. Na ƙudura a raina, in ta kama a Kano ni ma na zauna, in ta ƙi, to ni ma ba zama.

Muka kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Mu can kan tudu, rana ake nemar wa shuka, sanyi ake guje mata. Ka ba ta ruwa yau, jibi ka tona da yatsa ka tarar da danshi, ga raɓa kowace safiya. Shi ya sa na dasa ta a tsakar gida, inda babu inuwa ko kaɗan.

Tsohuwar da ke da gidan, Inna muke ce mata, ta zo ta tsaya a kaina.

"'Yar nan, nan fa ba kan dutse ba ne. Ranar Kano tare take shan ruwa da shuka, kuma ta fi ta baki. Mayar da ita bayan ɗaki, ki rufe gindin da ƙaiƙayi."

Na ce, "Inna, a gidanmu fa ta tsiro, na san halinta." A lokacin ni ba a gaya min.

Ga shi shekarun fari ne, rijiya ta yi ƙasa, guga sai ya ɗebo laka. In zuba da hantsi, kafin azahar ƙasar ta bushe ƙayau. Na koma ba ta rabin ruwan wankana. Na kasa zaune na kasa tsaye, ina tuƙa tuwo ina leƙenta. Ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki. Sai a sannan na ciro ta zuwa bayan ɗaki, cirowar kuwa ita ta ƙarasa ta. Na yi kuka na ƙoshi, na ɗaure kayana.

Ban tafi ba. Cikina ya tsufa, aka ce in bari in haihu. Daga a bari a haihu, sai a bari a yaye.

Da muka gina namu gidan a Tarauni, maigidan ya dasa darbejiya a ƙofar gida, irin wadda ba ta roƙon kowa ruwa. Tana nan, ta fi soro tsayi. Ni ke share ganyenta kullum, amma har yau ban taɓa shimfiɗa tabarma a inuwarta ba.