Maki Biyar na Malam Uwaisu

Duk wanda ya san Malam Uwaisu a ƙauyen nan na gefen Durun ya san shi da abu biyu: tsohon babur mai tari kafin ya tashi, da tsoron bakin mutane. Ɗan Madadi ne ta ƙasar Gwarzo. Koyarwa ce ta kawo shi ƙasar Kabo shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya tare da iyalinsa bayan masallacin Juma'a. Har yau in an zo zancensa sai a ce "malamin nan baƙo," abin kuwa yana cin sa a rai.

Shi ke koyar da lissafi daga aji huɗu zuwa shida, don malamai huɗu ne kacal a makarantar har da hedimasta. Cikin ɗalibansa akwai Adawiyya, 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗa don kunya. "Ke ta bakin taga" yake ce mata. Yarinyar kuwa akwai kai. Kafin ya gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Yana sabon malami a Madadi ya taɓa ganin wani uba ya shigo makaranta da fartanya a kafaɗa, ya wanke wani malami tas a gaban yara, wai malamin ya sa ɗan cikinsa ya zo na ɗaya don son kai. Malamin bai ƙara ɗaga kai a garin ba. Shi ya sa da Adawiyya ta shigo hannunsa, Uwaisu ya kafa wa kansa ƙa'idar da bai taɓa faɗa wa kowa ba: duk jarrabawa, in ya zo tara makinta, sai ya zaftare biyar. Shi a ganinsa adalci yake yi. Irin wannan adalci, Allah ya raba mu da shi.

Wata Laraba cikin damina hedimasta, Malam Ya'u, ya kira shi ofis ya miƙa masa takarda. Ana son kowace makaranta ta aika sunan yarinyar da ta zo ta ɗaya a aji shida, za a ɗauke ta makarantar kwana ta 'yan mata kyauta har ta gama. Gobe kafin azahar a mayar da fom ɗin Kabo.

"Naja'atu 'yar gidan Hammadu ce ta ɗaya," in ji Malam Ya'u. "Taka ta biyo ta, maki uku ne tsakaninsu. Kai, an yi kusa!"

Uwaisu ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya fito.

Da la'asar matarsa Hamida ta ajiye masa dambu, ya kasa kai loma biyu. Da ta matsa, ya faɗa mata komai.

"Malam, 'yar cikinka ka yi wa haka? Shekara uku?"

"Gudun magana nake."

"To ga maganar nan ta same ka har gida. Yarinyar da ke tashi da asuba tana bita kafin ta ɗora mini ruwa! Wallahi ka je ka gyara, ko ni in yafa mayafi in je."

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya haka ba.

Da safe, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ya sami hedimasta ya zayyane masa. Malam Ya'u ya jawo kwalin takardun jarrabawa daga ƙarƙashin tebur, ya zaro ta Adawiyya, ya bi da yatsa yana tarawa har sau biyu. Sannan ya cire tabarau ya goge fuska.

"Gaskiyarka. Ita ce ta ɗaya. Amma Malam Uwaisu, jiya bayan magariba na faɗa wa Hammadu. Yanzu ko matan da ke bakin rijiya sun ji. Leƙa ka gani."

Ya leƙa ta taga. Ga Hammadu tsugune a gindin darbejiya, ya bar noma ya sa rigarsa ta Juma'a, yana riƙe da hotunan 'yarsa a cikin leda. Mutum ne da bai taɓa shiga aji ba, amma bai taɓa hana Naja'atu zuwa ba ko ranar shuka.

"Ni na yarda da kai," in ji hedimasta. "Amma wa zai yarda cewa uba ya rage wa 'yarsa maki? Cewa za a yi ka ga makarantar kwana ka ƙaro mata. Kai ne malamin aji. Ga fom, rubuta wadda za ka rubuta, ni hatimi kawai zan buga."

Uwaisu ya karɓi biro. In ya rubuta gaskiya, yau za ta zama ƙarya a bakin gari, kuma ya karya zuciyar yarinyar da ba ta yi laifin komai ba. In ya bar ƙaryar, ya cuci tasa. Ya ji haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba. Daga waje Hammadu ya hango shi, ya ɗaga hannu biyu yana murmushi: "Malam, an gode! Allah ya raya naka!"

Uwaisu ya rubuta sunan Naja'atu.

Da aka tashi, ya tsayar da Adawiyya a aji bayan kowa ya fita. Tana tsaye da tsintsiya, don ranar shararta ce. Ya fara magana yana kallon allo, ya yi ta kewaye-kewaye, har dai ya kai ga maki biyar ɗin. Ya jira kuka, bai ji ba.

"Na sani, Baba," ta ce a hankali. "Tun aji huɗu nake tara makina da kaina in an raba takardu."

"Kin sani? Me ya hana ki magana?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Ca nake na bana za ka bar mini."