Gefen Hagun Kakata

Lokacin girbi ne, shekarar da hatsi ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka, kowa hankalinsa kwance. Ina tsintar wake da la'asar, ɗiyata ta zauna kusa da ni riƙe da salula. Sai gurnani nake ji daga ciki.

"Mi ke kuka haka?" na ce.

"Wasa ne, Inna. Ƙato ne na tatsuniyar Girkawa, ido guda gare shi tsakar goshi. In kin soke idon, kin ci."

Na karɓa na kusanto da ita fuskata. Ƙaton yana juya kai gaba ɗaya, yana neman mai sukarsa. Wannan juyin na san shi.

Haka kakata take juyawa. Karan hatsi ne ya tsone mata idon hagu tun tana budurwa. A gidanmu, duk ranar kasuwar Filingue jika guda ke tafiya ta hagunta, ta dafa kafaɗarsa. Shi ne idonta. Yawanci ni ce. Har gobe ina jin ƙamshin daddawa a tafin hannunta, da yadda take matse mini kafaɗa in ta ji amalanke.

Wata ranar kasuwa tsarana suka biyo mu suna waƙar dodo mai ido guda. Kunya ta kama ni, na zame na koma baya kamar ban san ta ba. Jaki ya bangaji ƙwaryarta, daddawar duka ta watse cikin rairayi. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa tana lalube, ta ce, "Taho ta dama, 'yar nan, in gan ki. Ba ki ji ciwo ba?"

Yaran yanzu dodonsu a hannu yake, mu namu ita ke dama mana fura.

An daɗe idona na hagu yana hazo. Allon ajinmu na karatun manya ma sai na karkata kai nake ganinsa. Ban faɗa wa kowa ba, ina tsoron ɗiyata ta zame mini yadda na zame.

"Soke shi mana, Inna, zai murƙushe ki."

Na mayar mata da salular. "Ƙyale shi. Ba shi da kowa a gefensa."

Washegari kasuwa ke ci. Na ɗauki kwando, na kira ɗiyata, na gaya mata zancen idon. Sai ta zagayo ta haguna. Na dafa kafaɗarta muka tahi.